Ilimin da muka bar wa lauyoyi

Masu cewa nazarin takardun mallakar ƙirƙira aikin lauyoyi ne, ba na injiniyoyi ba, sun ɓata. Duk mai neman wannan takarda tilas ya bayyana yadda na'urarsa take aiki, dalla-dalla, kuma bayan shekara 20 fasahar ta zama ta kowa. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar Yarjejeniyar Bangi ta 1977. Abin da ba a kare a can ba, bai ɗaure hannun maƙerin Guna ba. A ƙarni na 19 maƙeran Sarki Tanimun sun ƙera igwa a Damagaram, ba littafi a gabansu. To, malamai, don me ɗalibinmu zai gama karatu bai taɓa buɗe ko takarda ɗaya ba, ya zauna jiran famfon hasken rana daga Sin?