BAUCHI DA ABEOKUTA: A YI AWO DA MUDU ƊAYA

Ran 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohin ƙasar nan goma sha tara, garuruwa da dama waɗanda a da hedkwatar lardi ce kawai suka wayi gari sun zama mazaunin gwamna. Cikinsu akwai Bauchi a arewa maso gabas, da Abeokuta a kudu maso yamma. Tun da rana ɗaya aka naɗa musu rawani, ba laifi ba ne a jera su a duba inda kowanne ya kai, domin mai son ya san tsawonsa sai ya tsaya kusa da tsaransa.

Kamannin garuruwan nan biyu ya wuce na ranar naɗi. Dukkansu 'ya'yan ƙarni na goma sha tara ne, yaƙi ne kuma ya haife su a gindin duwatsu. Malam Yakubu, bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Inkil ya fara kafa sansaninsa, daga nan ya matsa yamma kaɗan ya kafa birnin Bauchi wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa. Egbawa kuwa gudun yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa ne ya kai su ƙarƙashin dutsen Olumo wajen 1830 bisa jagorancin Sodeke, su ma suka yi tasu ganuwar, wadda a bakinta suka kori mayaƙan Dahomey a 1851 da kuma 1864.

Haka nan wajen wayewar kai a siyasa. A Abeokuta aka fara buga jarida a ƙasar nan, watau Iwe Irohin, a 1859, a can ne kuma Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranci mata kan maganar haraji har Alake ya bar gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949. A Bauchi kuwa, cikin shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suka riƙa zama a taron muhawara suna tambayar hukumar En'e da Turawa abin da ba a saba tambaya ba. Bauchi ta ba Nijeriya Firayim Minista, Abeokuta ta ba ta shugaban ƙasa, Olusegun Obasanjo, a soja da farar hula. Kowane gari kuma yana da jami'ar Gwamnatin Tarayya wadda ta tsaya da ƙafarta a 1988, ta fasaha a Bauchi, ta aikin gona a Abeokuta.

To, amma da an zo maganar arziki sai hanya ta rabu. A ƙidayar 2006 Jihar Bauchi ta fi Jihar Ogun yawan jama'a, mutum miliyan huɗu da dubu ɗari shida da 'yan kai, ita kuwa Ogun miliyan uku da dubu ɗari bakwai da ɗoriya. Duk da haka, a 2021 kuɗin shiga da Ogun ta tara a cikin gida ya haura naira biliyan 100, na Bauchi kuwa bai kai biliyan 20 ba. Wannan rata ita ce masu saurin yanke hukunci ke riƙewa su ce mutanen wani yanki sun fi na wani himma. Maganar ba haka take ba, wajibi ne kuma a warware ta.

Da farko dai, yawancin dukiyar Ogun ba daga cikin birnin Abeokuta take fitowa ba. Daga masana'antun Ota da Agbara da Shagamu take, waɗanda suka tsiro saboda Ikko ta cika ta batse, masu jari suka tsallaka iyaka neman fili. Abeokuta kanta tafiyar kamar kilomita ɗari ce daga tashar jiragen ruwa, alhali kuwa kayan da aka sauke a Apapa sai sun ci fiye da kilomita dubu a bayan babbar mota kafin su iso Bauchi. Na biyu, layin dogo na Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 1901 ya bi ta Abeokuta, Bauchi kuwa ba ta ji kukan jirgin ƙasa ba sai farkon shekarun 1960, lokacin da aka ja layi daga Kuru zuwa Maiduguri, aka gama a 1964. Shekara sittin ke nan ɗaya ya riga ɗaya. Wanda bai sa wannan a ma'auni ba ya yi awo da mudu biyu.

Sai dai nisa ba zai zama mafakar kowane sakaci ba. Ba nisa ne ya kashe layin dogon gabas ba. A watan Yuni na 2021 aka buɗe sabon layi na zamani daga Ikko zuwa Badun, da babbar tasha a Abeokuta. A watan Maris na wannan shekara aka aza harsashin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa Bauchi da Gombe, amma a 2024 guntun Fatakwal zuwa Aba kaɗai aka buɗe. Garin da ya fi nisa da teku shi ya fi bukatar jirgin ƙasa, shi ne kuma aka bari a baya. Haka ma kamfanin Steyr, wanda aka kafa a Bauchi ƙarshen shekarun 1970 don harhaɗa manyan motoci da motocin noma, ya daɗe da daina ɗaukar ɗimbin ma'aikatan da aka san shi da su, masana'antar siminti ta Ashaka kuwa ta koma Jihar Gombe tun da aka yanke ta a 1996.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar teku ko kaɗan. Mutanen Abeokuta sun mai da dutsen Olumo wurin yawon buɗe ido, an yi masa matakala da na'urar hawa, an sa masu ba da tarihi, baƙo kuma in ya sauko sai ya faɗa kasuwar Itoku ya sayi rinin adire kafin ya tafi. Ta haka tarihi ya zama sana'a, marina da masu abinci da direbobi suka sami abin sakawa a bakin salati. Bauchi ba ta rasa irin wannan jari ba. Ga kabarin Tafawa Balewa, ga fadar Sarki, ga ragowar ganuwa da sunayen ƙofofi irin su Wunti da Ran, ga gandun dajin Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, wanda ya dawo hannun jiha a 2006. Matafiyin da ya nufi Yankari daga birni ta hanyar Gombe zai bi, watau ta Inkil, amma ƙalilan ne cikin masu wucewa suka san cewa nan ne tushen masarautar.

Inkil ɗin nan ita ce wurin da za a gane ko an ɗauki darasi. Birni ya miƙo gabas har ya riske ta, gonaki suna komawa filoti, gini yana bin gini. Wanda ke son ya ga ƙarshen irin wannan tafiya in ba a yi tsari ba, sai ya leƙa Ota da Mowe da Ibafo a Jihar Ogun ɗin da ake yabo, inda gidaje suka riga tituna da magudanan ruwa zuwa, damina kuma ta zama abin fargaba ga mazauna. A nan Ogun ba abar koyi ba ce, abar wa'azi ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Bauchi ta fitar da taswirar Inkil da kewayenta tun yanzu, a ware hanyoyi da filin makaranta da na asibiti da kasuwa da maƙabarta kafin a sayar da sauran filaye, a tabbatar famfon madatsar ruwa ta Gubi ya isa kowace sabuwar unguwa, a kuma biya manoman da aka karɓi gonakinsu diyya ta gaskiya. Masarauta da hukumar adana kayan tarihi su haɗa kai su killace wurin da Malam Yakubu ya zauna, a sa alama, a riƙa kai 'yan makaranta. 'Yan majalisar tarayya na Bauchi da Gombe da Yobe da Borno da Filato, kowace jam'iyya suka fito, su haɗa baki kan maganar layin dogo a duk lokacin da kasafin kuɗi ya zo gabansu. Attajiran jiha su ma suna da nasu kason, domin shanu da fata da riɗi da gyaɗa da ake lodawa ɗanye zuwa kudu, a nan ya kamata a fara sarrafa su, samari su sami aikin yi.

Man fetur ɗin Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a watan Nuwamba na 2022 bai kamata ya sa kowa ya kishingiɗa ba, gama Ogun ba da rijiyar mai ta tara nata ba. Abeokuta ta gaji kusanci da teku, wannan rabo ne daga Allah, ba mai ja. Amma tsara unguwa, da riƙe masana'anta, da kula da abin da kakanni suka bari, aikin hannu ne, kuma a kansa ne jama'ar Bauchi ke da haƙƙin su tambayi shugabanninsu. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.