Martani: Ƙaramar Madatsa Ba Kududdufi Ba Ce

Wani marubuci ya ce ƙananan madatsun ƙasa na karkara ɓarnar kuɗi ne, wai sauro da tsargiya kawai suke haifarwa, gara a gina babban dam. Malam, da alama ka daɗe ba ka kwana a ƙauye cikin watan Afrilu ba.

Babban dam ai mun gani. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. Ƙaramar madatsa kuwa ruwan kwari ɗaya take tarewa. Shanu su sha, a yi lambun albasa da rani, ruwan ya riƙa nutsewa cikin ƙasa har rijiyoyin kusa su ƙi ƙafewa.

Tsargiya gaskiya ce, amma maganinta a haƙa rijiya a bayan ganuwar madatsar, yara su daina wanka cikin ruwan. Sakaci ne ke kashe waɗannan madatsu: ba a yashe laka, ba a gyara mafitar ambaliya, itatuwa na tsirowa a kan ganuwa. Ƙananan hukumomi ya kamata ka tuhuma kan wannan.