Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

 

A watan jiya na kai ziyara Agege, can Ikko, wurin wata 'yar ƙanwata da aure ya kai ta. Na tarar da ita bakin murhu ta yi tagumi, ga babbar roba cike da kunu a gabanta, ya yi kauri kamar kokon da ya kwana, babu zaƙi, babu ƙamshi. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce, "Kawu, karo na uku ke nan ina asarar gero, kowane karo mudu huɗu."

Ashe ciniki ne ya ja wa maigidanta baya, ita kuwa ta ga bai kamata ta naɗe hannu ba, sai ta shiga ƙungiyar matan unguwa masu sayar da kunun zaƙi da zoɓo. Ta biya kuɗin shiga, ta shiga adashi, har an nuna mata inda za ta riƙa ajiye kayanta a bakin tasha. Abu guda aka hana ta, watau sanin aikin. Duk wadda ta tambaya yadda ake sa tsiro, sai ta yi murmushi ta ce, "Ai hannu ne, yarinya." Ranar taro kuma da aka ɗanɗana nata, aka yi ta dariya, ba wadda ta gaya mata inda ta kuskure.

Wannan abu ya tsaya mini a rai, kuma shi ya tuna mini da wasu mutane na ƙasar Amurka da na daɗe ina bin labarinsu, watau ƙungiyoyin masu dafa giya a gida. Kafin wani ya ɗauki alƙalami ya rubuto mini takardar faɗa, bari in share fage. Giya haramun ce ga Musulmi, ba kuwa tallanta na zo yi ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda waɗannan mutane suke karɓar baƙo ɗan koyo, domin a nan kam sun yi mana nisa, kuma mai hankali yakan ɗauki darasi ko daga wanda ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi.

Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta hana yin barasa da sayar da ita. Da aka soke hanin, sai aka yarda wa magidanci ya yi ruwan inabinsa a gida, amma dokar ta tsallake giyar hatsi. Saboda haka shekara arba'in da ɗoriya masu dafa ta a gida suna yi a ɓoye, kowa da 'yar dabararsa, babu mai nuna wa wani. Abin da ya fito kuwa, akasari gurɓatacce ne, don sana'ar da ake yi a ɓoye ba ta samun mai gyara mata kuskure. A Ingila tun 1963 Ministan Kuɗi Reginald Maudling ya janye sharaɗin yankan lasisi ga mai dafawa don amfanin gidansa. Amurka sai ran 14 ga Oktoba, 1978, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wannan, ta fara aiki ran 1 ga Fabrairu, 1979. Ta yarda wa baligi ɗaya galan 100 a shekara, wajen lita 379 ke nan, gidan da ke da baligai biyu ko fiye kuwa galan 200, bisa sharaɗin ba na sayarwa ba ne. Duk da haka kowace jiha tana da tata dokar, sai a 2013 jihohin Alabama da Mississippi suka bi sahu, su ne na ƙarshe.

Tun kafin dokar ta fito, wasu sun riga sun fara haɗa kai. A 1974 aka kafa ƙungiyar Maltose Falcons a Los Angeles, wadda ake ɗauka ita ce mafi daɗewa a ƙasar. A 1978 kuma wani malamin makaranta mai suna Charlie Papazian, shi da abokinsa Charlie Matzen, suka kafa ƙungiyar ƙasa baki ɗaya a garin Boulder na jihar Kolorado. Shi Papazian a cikin gidansa ya riƙa tara mutane yana koya musu. Muciyar katakon da yake motsa tukunya da ita gaban ɗalibansa, a 2019 sai ga ta an baje ta a gidan tarihin Amurka da ke Washington. Ku dubi wannan al'amari, jama'a: muciyar koyarwa aka ga ta cancanci ajiya.

To, yaya suke yi da baƙo idan ya zo?

Da farko, ba a tambayarsa abin da ya sani. Akasarin ƙungiyoyin nan sukan gayyace shi ranar da wani gwani zai ɗora tukunya a bayan gidansa, ya tsaya kusa ya ga komai tun daga awo har zuwa rufe tulu. Aikin farko da akan miƙa masa shi ne wanke kaya. Ba don raini ba, sai don su a wurinsu tsabta ita ce rabin sana'ar: duk abin da zai taɓa ruwan bayan an sauke shi daga wuta, dole a wanke shi a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, in ba haka ba aikin yini guda ya lalace. Ƙungiyar ƙasa ma ta keɓe rana guda a shekara domin wannan, tun 1999, Asabar ta farko a watan Nuwamba, ranar da ake so kowane gwani ya jawo wanda bai iya ba ya nuna masa.

Na biyu, ba a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Akan fara masa da hanya mai sauƙi da ƙaramin awo, galibi galan 5, wajen lita 19. Wanda ba shi da tukunya ko ma'aunin zafi, sau da yawa a ara masa har ya ga ko abin ya karɓe shi.

Na uku, awo a rubuce yake. Hatsi kaza, ruwa kaza, zafi kaza, minti kaza. Wanda ya ci gasa ma yakan bayar da nasa a buga a mujallarsu, kowa ya gwada. Babu zancen "hannu ne".

Na huɗu, kuma shi ne ya fi burge ni, sun yi wa sukar aiki ƙa'ida. A 1985 suka kafa tsarin horar da alƙalan ɗanɗano. A wurin gasa alƙali ba ya sanin mai kayan da ke gabansa. Yana da takarda mai maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin yake a baki 5, hukuncin gaba ɗaya 10. Kana ana bukatarsa ya rubuta aibin da ya ji, da abin da yake jin ya jawo shi, da yadda za a gyara. Ashe ɗan koyo yakan koma gida da takarda a hannu maimakon kunya a fuska.

Amfanin wannan hali bai ɓuya ba. A 1978 kamfanonin giya a Amurka ba su kai 100 ba. A 2022 sun haura 9,000, kuma da yawa daga masu ƙananan cikinsu a irin waɗannan ƙungiyoyi suka fara. Ken Grossman, wanda ya fara fitar da kaya a kamfaninsa na Sierra Nevada a 1980, da can ɗan kanti gare shi a garin Chico yana sayar wa masu dafawa a gida kayan aiki. Ko muna ƙin hajar, ba ma musun cewa sakin ilmi ne ya bunƙasa kasuwar.

Na san abin da uwayenmu na Agege za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce, "Malam, waɗancan shagali suke yi, cikinsu a ƙoshe. Mu da wannan kunu muke biyan haya da kuɗin makaranta. In na koya wa yarinya, gobe ta zauna gefena ta raba mini masu saye." Gaskiya ne, wanda abincinsa yake cikin tukunya ba zai buɗe ta kamar mai wasa ba. Amma ina roƙonku ku duba abu biyu.

Na ɗaya, sunan kunu na kowa ne. Ran da fasinja ya sayi gurɓataccen kunu a tasha cikinsa ya ɓaci, ba zai ce na wance ne ba, cewa zai yi kunun tashar nan ba shi da kyau, ya koma lemon kwalba, ya kuma gaya wa mutum goma. Ashe jahilcin sabuwa hasarar tsohuwa ce. Mun kuma ga iyakar inda aikin ɓoye yake kaiwa: a 2015 mutane da dama suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, da kuma jihar Ribas, saboda shan ogogoro mai guba. Kunu bai kai nan haɗari ba, amma ruwa marar kyau da gorar roba da aka tsinto ba a wanke ba sun isa su kwantar da yaro.

Na biyu, kun karɓi kuɗinta. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. Ƙungiyar da ta san hanyar karɓar kuɗin shiga, ya wajaba ta san hanyar shigar da mutum cikin sana'a. Kakanninmu ma ba haka suka yi ba. Maƙeri da marini da baduku kowa yana da yaransa, su yi masa hidima, ya koya musu, ran da suka iya ya sallame su da albarka, su kuma su riƙa ambatonsa har ƙarshen ransu.

Tun da an ce hannu ne, bari ni in buɗe hannun a nan, kowa ya gani. Idan aka jiƙa hatsi, dawa ko gero ko shanshera, aka shimfiɗa aka rufe har ya fito da tsiro, to a cikinsa akwai wani sinadari da ke narkar da garin hatsi ya mai da shi sukari. Shi ne dalilin da kunu mai tsiro yake tsinkewa ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Wannan sinadari yana son zafi, wajen digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Selsiyas, amma tafasa tana kashe shi. Kuskuren 'yar ƙanwata ke nan: da ta dama ƙullu da tafasasshen ruwa, nan take sai ta juye tsiron, ya mutu, kunu ya tsaya da kaurinsa. Abin da ya kamata shi ne ta bari damun ya ɗan sarara, tururin ya ragu amma da sauran zafi sosai, sa'an nan ta zuba niƙaƙƙen tsiro da ragowar ɗanyen ƙullu mai citta da kanumfari, ta motsa, ta rufe ya kwana, da safe ta tace. Wannan tsiron dawa ba ƙaramin abu ba ne. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, wajen dawarmu manyan kamfanoni suka juya, har da masu yin malta marar bugarwa.

Akwai kuma iyakar da ya wajaba a gaya wa kowace sabuwa, ita ce ma ta fi muhimmanci. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan tsamin kwana ɗaya aikin wasu ƙwayoyi ne masu amfani, irin na nono. Amma in kunu ya yi kwana biyu ko uku a zafi, ya fara kumfa, gora ta kumbura, to yis ya shiga yana cin sukarin yana mai da shi barasa. Da tsiron dawa ake burkutu, babban abin da ya raba su da kunu shi ne yis da tsawon kwana. Yarinyar da ba a gaya wa wannan ba, tsoron hasara zai sa ta sayar da kunun shekaranjiya, ta shayar da Musulmi abin da ba su nema ba. Alhakin wa ke nan? Nata, ko na wadda ta sani ta yi shiru?

Saboda haka ga shawarata ga irin waɗannan ƙungiyoyi, na kunu ne, ko na fura da nono, ko na ƙuli-ƙuli. Duk sabuwar da ta shigo, a haɗa ta da gwana guda, ta yi mata aiki sau uku kafin ta ɗora tata tukunya, a kuma ba gwanar wani kaso daga kuɗin shiga don kada ta yi wahalar banza. A fara mata da mudu ɗaya, in ya ɓaci hasarar ba ta da yawa. A rubuta awo, da boko ko da ajami. Ranar ɗanɗano kuma a zuba a kofuna ba suna, wadda duk ta ce bai yi ba, ta faɗi dalili da magani. Sirrin kayan ƙamshi da kowace ta gada wurin uwarta, ta riƙe abinta, ba mai tilasta mata. Amma tsabta da tsiro da iyakar kwana, waɗannan hakkin kowa ne.

Kafin in baro Ikko, wata dattijuwa cikin matan, wadda ba ta yi dariya ba ranar taro, ta aiko a kira mata yarinyar da asuba. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta dama ƙullu, ta zauna tana jan carbi, can ta sa bayan hannu a jikin robar ta ce, "Taɓa nan, 'yata. Ka da ki zuba sai kin ji haka." Abin da aka hana ta wata biyu, da ya cinye mata mudu 12 na gero, ashe bai wuce taɓawa ɗaya ba. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri, ya yawaita mana irinta.

Wanda yake da abin cewa, musamman uwayenmu masu wannan sana'a, fili a buɗe yake, a rubuto mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.