Kafin A Ƙona Littafi, Sai Da Aka Daina Karanta Shi

Ya kai ɗan'uwa matashi, a shekarar 1953 wani marubuci Ba'amurke, Ray Bradbury, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Fahrenheit 451. A cikinsa ya suranta wata ƙasa da aka mayar da ajiye littafi babban laifi, aka kuma juya aikin 'yan kwana-kwana: maimakon su kashe gobara, su ne ke zuwa da kananzir su banka wa littattafai wuta, har da gidan da aka same su. Jarumin labarin, Guy Montag, ɗaya ne daga cikinsu.

Duk wanda ya ji haka zai ce ai wannan aikin azzalumar hukuma ne. Gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Shugaban su Montag, Kyaftin Beatty, ya fayyace masa cewa abin bai faro daga doka ba. Mutane ne da kansu suka gaji da dogon karatu, aka riƙa taƙaita musu littattafai, suka tare a gaban talabijin mai girman bango, kowane rukuni kuma ya ce a cire abin da ya sosa masa rai. Ko da hukuma ta zo da ashana, kusan ba ta tarar da mai kuka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi ma George Orwell na Ingila, a littafinsa 1984 wanda ya fito a 1949, ya nuna hukumar da ke sake rubuta tsofaffin jaridu, tana rage kalmomin ƙamus don mutane su rasa abin yin tunani da shi. Wannan ƙarfin tuwo ne, kowa na iya gane shi. Na Bradbury ya fi haɗari, domin wanda ake cuta da hannunsa ya miƙa wuya.

Abin takaici, littafin Bradbury kansa bai tsira ba. Daga 1967 mawallafansa suka fitar da bugun 'yan makaranta wanda aka datse wa wurare da dama, marubucin bai farga ba sai a 1979. Shekara 12 ke nan almakashi na aiki a ɓoye!

A ƙarshen labarin, Montag ya gudu daji, ya tarar da wasu mutane, kowannensu ya haddace littafi, ya ajiye shi a ƙirjinsa inda wuta ba ta kaiwa. Mu da muka zauna gaban malam da allo, ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ba.

To, ɗan'uwa, kafin ka ɗaga murya a kan masu hana rubutu, tambayi kanka: yaushe rabonka da karanta littafi daga bango zuwa bango? Wanda ya yar da karatu da kansa ya hutar da azzalumi sayen kananzir.

Wassalam.