Wasan Kwikwiyo Mara Gida

'Yan'uwana mata, karnuka marasa gida sun yi yawa a Sabon Gari, yaranmu kuwa ba su bar tsokana ba. Haukan kare in ya bayyana, ba magani.

Tun 1975 ake koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. To, 'yan makaranta, ku shirya naku da waƙa da kiɗan ƙwarya kafin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare. Ku nuna kwikwiyon da ya sami gida yana gadi, aka kai shi asibitin dabbobi na jami'a aka yi masa riga-kafi. Amshin waƙarku: wanda kare ya ciza, a wanke da sabulu minti 15, sai asibiti.