Aikin Lantarki Ba A Yinsa Da Ka

Ya ku malamai da attajirai masu rumfuna a kasuwa, ga shawarata a kan yaron da ya nemi izinin mahaifinsa zai tafi neman difloma ta aikin lantarki. Ni a ganina a bar shi, a kuma biya masa.

Dalili kuwa, mu malamai mun san bambancin wanda ya durƙusa gaban malami har aka ba shi ijaza da wanda ya tsinci karatu a bakin hanya. To, difloma ita ce ijazar wannan fanni. Ana samunta a makarantu irin babbar makarantar fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956. Shekara 2 ake yi, sa'an nan shekara 1 a wurin aiki, mai son ƙari ya koma ya yi 2.

Ku duba, wutar nan da madatsar Kainji ta soma bayarwa a 1968 ba a ganinta da ido. Siririyar waya in aka ɗora mata firji da dutsen guga sai ta yi zafi, robarta ta narke, rumfa ta kama. Wanda ya koya da ka, in fis ya ƙone, sai ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa. Mai ilmi kuwa ya san fis mai gadi ne, ya ƙone ne don kada kanti ya ƙone, sai ya nemi musababbin abin.

Alhaji, kuɗin makaranta bai kai asarar gobarar dare ɗaya ba.