Allurar baya: a tanadi magani kafin a soka

Aikina a ɗakin tiyata shi ne tsayawa a kan mai haihuwa daga lokacin da aka yi mata allurar baya har a ɗinke cikinta. Mata da yawa kan shigo a tsorace, sun ji a unguwa cewa allurar na shanye ƙafa. Nakan ce, “Yaya, kwantar da hankalinki, ƙafafun za su yi nauyi, amma cikin 'yan sa'o'i za su saki.” Ga mafi yawan masu haihuwa, allurar ta fi maganin barci aminci, kuma uwa na jin kukan ɗanta na farko da kunnenta.

Abin da nake tsoro shi ne mintuna goman farko. Maganin, wanda galibi bupivacaine ne, yana sassauta jijiyoyin jini, sai jini ya sauka farat ɗaya. Ga kuma mahaifa mai nauyi tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya idan mace ta kwanta rigingine. Da ta ce zuciyarta na tashi, na san jinin ya faɗi, kuma jaririn ma abin na shafarsa. Rigakafin sananne ne: a karkata ta hagu kaɗan, a saki ƙarin ruwa, a riƙa awon jini kowane minti ɗaya ko biyu, sannan maganin ɗaga jini, ephedrine ko phenylephrine, na cikin sirinji tun kafin a soka allura.

Ciwon kan da ke biyo baya ma tsohon labari ne. August Bier, likitan Jamus da ya fara wannan allura a 1898, shi kansa ya sha fama da shi. Siririyar allura mai baki kamar fensir tana rage shi ƙwarai.

Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna mace-macen mata bayan tiyatar haihuwa a Afirka ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an miƙa wa miji takarda tsakar dare ya tafi neman kemis. Ma'aikatun lafiya na jihohi su wajabta wa kowane asibitin da ke tiyatar haihuwa ajiye waɗannan magunguna da siraran allurai, da ma'aikaci ɗaya wanda ba a aikensa ko'ina har a gama.